The Archers: Ambridge Ta Tsufa, David Yana Nan Jiya I Yau

Duk wanda ya daɗe yana bin wasan kwaikwayon rediyo na The Archers a BBC Radio 4 ya san tsufa ba shi ne ciwon shirin ba. Tun 1 ga Janairun 1951 ake watsa shi a faɗin Birtaniya, yanzu kashi shida a mako, kowanne kimanin minti 13, har an haura kashi 20,000. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake juya mutanen Ambridge, ƙauyen da aka ƙirƙira wa shirin, kamar waina don labari ya tafi, a maimakon halinsu ya ja labarin.

Maganar sayar da gonar Brookfield a 2014 ita ta fi ƙona min rai. An ce sabon titi zai ratsa gonar, sai David, manomin da ya gaje ta daga mahaifinsa Phil, ya amince a sayar wa attajiri Justin Elliott a koma Northumberland kusa da mahaifiyar matarsa Ruth. Wata da watanni ana lissafi: yadda za a kwashe shanun madara, makomar mahaifiyarsa Jill, kason 'yan'uwansa Kenton da Shula da Elizabeth. Har Kenton ya fara facaka da kuɗin da ba su shigo hannunsa ba. Sai a farkon 2015 David ya ci karo da gonar wasansa ta yarinta, ya tuno mahaifinsa, ya ce ya fasa. Shi ke nan!

Ba fasawar ce laifi ba, ai kowa ya san ba za a yi shirin ba tare da Brookfield ba. Laifin shi ne ba a gina ta ba. Rediyo ba shi da fuskar da za a karanta, don haka shakka sai an jiyo ta a murya: ɗan shiru kafin amsa, magana da aka fara aka haɗiye, gardama a wurin tatsa da asuba. Kamata ya yi a yayyafa wannan cikin makonni, ba a jibge shi a kan abin wasa ɗaya ba. Ruth da Kenton sun ɗauki ciwon abin na tsawon lokaci, amma shi gogan ya fito kamar yadda ya shiga, mai ƙunƙuni, mai ganin shi kaɗai ke da gaskiya.

A yi adalci, sun iya in sun ga dama. Labarin Helen da mijinta Rob Titchener ya ɗauki kusan shekara uku. Rob ya fara da tsoma baki a suturarta, ya hana ta tuƙi, ya raba ta da ƙawarta Kirsty, ya sa ta daina yarda da tunaninta. Da ta daɓa masa wuƙa a Afrilun 2016 babu mai cewa daga sama abin ya faɗo, kuma bayan kotu ta wanke ta a Satumba tsoron bai bar muryarta ba. Don wannan kaɗai na so in ce a ci gaba da saurare ido rufe.

Amma da na ambaci Kirsty sai takaicin ya dawo. Tom, ƙanen Helen, ya guje ta ranar aurensu a 2014, ya tsere Kanada, ya dawo da muryar wani ɗan wasa daban. A ɗan tsakanin nan aka sauya masu yin Tony, mahaifin Tom, da Pip, 'yar David, su ma, masu saurare suka yi ta kukan ba sa bambance samarin. Kirsty kuwa ta yi ɓari a 2017, sannan a ƙarshen 2020 ta auri Philip Moss, magini mai bautar da marasa galihu. Matar da ta riga kowa gano Rob, ita ce aka sa ta zauna gida ɗaya da wannan mutumin ba ta ga komai ba. An sauke mata wayonta ne kawai saboda labarin yana bukatar wadda za a yaudara, kuma wannan har yau ban yafe wa marubutan ba.