Hattara da Masu Tallar Hannun Jari a "Rijiyar Kabon"

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Houston da kewaye, da kuma na gida da ake tura wa saƙon nan ta WhatsApp.

Makonni uku da suka wuce, a wajen wani suna, wani mutum ya ja ni gefe bayan an ci abinci, ya buɗe wayarsa yana nuna min hotunan bututu da injuna. Ya ce kamfaninsu na haƙa rijiya a jihar Louisiana da za a riƙa ɗura iskar kabon (iskar da masana'antu ke fitarwa, mai ɗumama yanayi) a cikinta, kuma gwamnatin Amurka na biyan kuɗi a kan kowane tan. Wai in zuba dala 5,000, duk wata uku a ba ni ribar kashi 10 cikin ɗari, in na kawo wani kuma a ba ni la'ada. Ban zuba ba. Daga baya na ji wata baiwar Allah da muke mutunci da iyalinta ta miƙa masa kuɗin adashinta kaf, shi ya sa na kasa yin shiru.

Maganarsa tana shiga kunne ne domin ya jingina ta da abin da yake akwai. Lallai ana binne iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa, Norway ma tun 1996 take yi a filin Sleipner da ke cikin teku. Akwai kuma sashen dokar haraji da ake kira 45Q, wanda a 2022 aka ɗaga shi zuwa dala 85 a kan kowane tan da aka adana. Sai dai wannan rangwamen haraji ne ga kamfanin da ya mallaki na'urar kama iskar, kuma sai an kama ta an ɗura ta a ƙasa tukuna. Rijiyar da ba a gama haƙawa ba, daga ina za ta samo ribar da za a raba duk wata uku? Daga aljihun wanda ya shigo bayanka.

Na tambaye shi abu ɗaya: ina lambar lasisin rijiyar? Ya ce takardu na kan hanya. Da na matsa, ya ce sirrin kamfani ne. A nan na gane inda aka dosa, domin wannan lasisi ba ya ɓuya. Tun 2010 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ware wa irin waɗannan rijiyoyi rukuni nasu, rukuni na shida, a ƙarƙashin dokar kare ruwan sha ta 1974. Kafin a ba kamfani izini sai ya nuna akwai dutse mai tauri a sama da zai hana iskar tasowa, ya binciko tsofaffin rijiyoyin mai da ke yankin don kada ta bi ta cikinsu, ya ajiye jinginar kuɗin gyara in an samu matsala, ya kuma ɗauki nauyin sa ido a wurin bayan an daina ɗurawa, wanda a ƙa'ida shekara 50 ne sai in hukuma ta amince da ƙasa da haka. Ana kuma sanar da jama'a su faɗi ra'ayinsu kafin a sa hannu. Aikin shekaru ne. Wasu jihohi sun karɓi ikon bayar da lasisin da kansu, North Dakota a 2018, Wyoming a 2020, Louisiana ma ta bi sahu, kuma sunayen kamfanonin da suka nema suna nan a shafukan hukumomin. Na duba shafin hukumar Louisiana da kaina, ban ga sunan da ya ba ni ba.

Tsananin dokar nan yana da dalili. Iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta kwaranyo da yawa kwanciya take a ƙasa ta shaƙe mutum da dabba. 'Yan uwanmu na Kamaru ba su manta da tafkin Nyos ba, inda a 1986 ta hallaka mutum sama da 1,700 a dare ɗaya. A nan Amurka, bututunta ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a Mississippi a 2020, aka kwashi mutum sama da 40 zuwa asibiti. Ko kamfanin ADM mai sarrafa amfanin gona, da girmansa da lasisinsa a Decatur ta jihar Illinois, sai da ya dakatar da ɗurawa a 2024 bayan an gano yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya ba irin wannan kamfani wahala, shi ne wani zai ce ya kammala da kuɗin adashin mata?

Kuma an taɓa yin irin wannan. A 2023 hukumar kula da hannun jari, SEC, ta kai wani kamfani na Texas mai suna CETA kotu, tana zarginsa da tara dala miliyan 155 daga mutum fiye da 500 da sunan na'urorin kama kabon, ana biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi. Ribar da aka yi musu alkawari ita ce wadda aka yi min: kashi 10 duk wata uku.

Don Allah, duk wanda aka zo wa da wannan magana, ya nemi cikakken sunan kamfanin da lambar lasisin, ya duba da idonsa a shafin hukuma, kada ya yarda da hoton takarda da aka turo a waya. Wanda ya riga ya biya, ya adana rasit da duk saƙonnin da suka yi, kada ya ƙara ko sisi in an ce sai ya biya "kuɗin fitar da riba". Kada kunya ta sa ka ɓoye, domin yanzu haka akwai wanda ake lallaɓawa da sunanka, ana cewa ai wane ma ya shiga. Ita wannan baiwar Allah ta yarda, ranar Litinin ni da ƙaninta za mu zauna da ita mu shigar da ƙorafinta a shafin SEC. Wanda abin ya shafa kuma yake son a haɗa da nasa, ya yi min magana kafin ranar.