Corolla, Accord ko Fijo 406: wacce ta dace da mai saye a Katsina?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin sayen mota ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sannan faɗuwar darajar naira ta ɗaga kuɗin kwastam da na kayan gyara. Yanzu kafin ka tambayi dillali "nawa za a bari?", fara tambayar kanka nawa motar za ta riƙa ci maka duk wata.

Da wannan ma'auni, Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 ce a gaba. Injinta mai lita 1.8 ba ya shan mai sosai, sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, wato abin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul, don haka babu fargabar tsinkewar bel, kuma duk bakaniken da ke Katsina ko Daura ya san cikinta. Aibinta biyu ne. Tana da tsada saboda kowa ita yake nema, sannan wasu daga cikin na farkon shekarun suna ƙona baƙin mai saboda ringin fistin. A kunna ta da safe injin na sanyi, a taka totur, kai kuma ka tsaya bayan salansa. In ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ka haƙura da ita ko da fentinta na ɗaukar ido.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, ta fi faɗi da daɗin zama, kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na Corolla ba. Matsalarta ƙafa. Boljoyin na ƙasa, wato gaɓar da ke riƙe taya, yakan balle a kan hanya mai ramuka, tayar gaba ta kwanta. Wanda ya saye ta ya canza su nan take da masu kyau, kada ya jira sai ya ji ƙara. Ka zaɓi mai silinda huɗu. Mai shida tana zuƙar mai, kuma giyar otomatik ɗinta ta 2003 da 2004 ta yi ƙaurin suna. Man giya kuwa na Honda kaɗai ake zuba mata, wani daban yana kashe giyabos a hankali.

Fijo 406 har yanzu tana da masoya a Arewa, kuma suna da hujja: ƙafarta na shanye gargada, a doguwar tafiya kamar Katsina zuwa Kano ba ta gajiyar da mutum. Amma bel ne taimin ɗinta, in ya tsinke bawul ya lanƙwashe, sai an sauke kan injin. Wayarinta ma ba ya son hannun mai koyo. In ba ka da bakaniken Fijo da ka yarda da shi, bar ta.

Camry ta 2007 zuwa 2009 kyakkyawa ce, sai dai injin 2.4 ɗinta ya shahara da shan baƙin mai, dashbod ɗinta kuma yakan yi danƙo a zafin bazara irin namu.

Ko wacce ka zaɓa, ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. A buɗe murfin baƙin mai. In akwai wani abu fari-fari kamar kindirmo, mai yiwuwa ruwa na shiga injin, gaskit ya ƙone. A duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye. Ana yawan yin haka wai don maganin zafi, alhali yana ƙara shan mai, yana kuma ɓoye lagireton da ƙura ta toshe.

Sai takardu. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma mu da muke kusa da Jibiya da Kongolam mun san ba kowace 'yar Kwatano ce ta biya diuti ba. Ka gwada lambar shasi da ke jikin motar da ta kan takarda, harafi bayan harafi, sannan ka kai ofishin kwastam a tantance kafin ka biya ko sisi, har da la'adar dillali.