Aikin fanabita a kan Peugeot 504 a Garwa: walda ta yi, ƙofofi sun ɓata min rai

Tsakani da Allah mutumin da na kai wa motata gyaran jiki ya iya walda. Ƙasan motar, wajen ƙafar direba, ya riga ya rube. Ya yanke ruɓaɓɓen ya ƙara kamar santimita 3 cikin lafiyayyen ƙarfe, ya kawo sabon falle mai kaurin milimita 1. Bai ja walda a tsaye ba, ɗigo-ɗigo ya riƙa yi yana tsallakawa, wuri ya huce kafin ya dawo masa, don wutar gas in ta zauna wuri guda lanƙwasa falle take yi. Mazaunin batir ma, da ruwan batir ya cinye, ya fito tsaf. A nan ban da ƙorafi.

Ƙofofin baya ne matsalar. Damina ɗaya kacal, fentin gindinsu ya kumbura kamar ƙuraje. Na ɗora maganaɗisu, ya ƙi kamawa. Da aka kankare da sanfefa mai lamba 80 sai ga mastik, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ya kusa santimita guda, alhali bai kamata ya wuce milimita 3 ba. A ƙarƙashinsa guntun kwanon rufi ne aka liƙa a kan tsatsar, ba a goge ta ba, ba a shafa maganinta ba. Mastik yana shan ruwa, tsatsar da aka rufe kuma ci take yi ta ciki. Abin da ya fi ƙona min rai, ramukan gindin ƙofa da ruwa ke fita ta nan duk an toshe su. Ƙurar hunturu ta taru a ciki, ruwan Agusta ya sauko ta jikin gilashi ya mai da ita laka. Ina ƙarfe zai kai labari?

Da na koma, ce min ya yi yaransa ya bar wa ƙofofin. To kuɗin ai shi na ba, ba yara ba. 504 ba motar da za ka shiga kasuwa ka tsinci ƙofarta mai kyau ba ce yanzu.

Mai son kai masa aiki ya kai, amma ya ce sai ya ga ƙarfen tsirara bayan walda, kafin mastik da fentin farko su hau. Ni dai ƙofofin gaba ba zan ba shi ba.