Gargaɗi ga masu kyanwa a Kumasi: ku guji maganin ƙuman da ake talla a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zango. Akwai wani mutum da ke tallar maganin kyanwa a WhatsApp, yana cewa ɗigo kaɗan a ƙeya zai kashe ƙuma da kaska da duk wata tsutsar ciki lokaci guda. Hoton kwalin maganin ƙuma mai suna Frontline yake sakawa, ga araha. Amma da zarar ka tura kuɗi ta MoMo, abin da ɗan pragya, wato mai babur mai ƙafa uku, zai miƙo maka 'yar kwalba ce ƙulle a leda, ba suna, ba ranar lalacewa, ba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Don girman Allah kada ku saya.

Tun daga tallar ƙaryarsa ta fito. Frontline na gaskiya sinadarin fipronil ne a cikinsa, ƙuma da kaska yake kashewa, ba ruwansa da tsutsar ciki.

Wata Hajiya a layinmu ta saya ta ɗiga wa kyanwarta da yamma. Kafin isha'i kunnuwan kyanwar da fatar bayanta sun fara rawa, yawu na dalala, ta miƙe ta faɗi, daga nan sai jijjiga. Jikokin Hajiya na ta kuka. Likitan dabbobin da aka kai wa ya ce alamun gubar permethrin ne. Ana saka wannan sinadari a wasu magungunan ƙuma na karnuka, kare yana iya ɗaukarsa, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, kaɗan ma yakan kashe ta. Ko gogar jikin karen da aka ɗiga wa ta yi, tana iya kamuwa. Allah Ya sa kyanwar Hajiya ta rayu. Da aka kira mai maganin kuwa, ya ce wai an zuba da yawa ne, ya kashe waya. Wallahi abin ya ƙona min rai, dabbar da ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo a mayar da ita hanyar cin kuɗi.

Magungunan ɗigawa na gaskiya suna nan, kowanne da aikinsa. Mai selamectin, irin su Revolution, yana kashe ƙuma da ƙwarin kunne da wasu tsutsotsin hanji, sai dai bai taɓa tsila. Ita tsila sai praziquantel, wanda ke cikin Profender da Broadline. Idan kun ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya, tsila ce, kuma kyanwa takan same ta ne idan ta haɗiye ƙuma wajen lasar jiki. Shi ya sa ake maganin biyun tare, a wanke tsumman da take kwanciya, a share ɗaki sosai, domin ƙwan ƙuma ƙasa yake zuba. Maganin ɗigawa na gaskiya yakan zo a 'yar roba rufe ruf, da hoton kyanwa a kwali da nauyin da aka yi shi dominsa. A buɗa gashi a ɗiga kan fatar ƙeya inda harshe ba ya kaiwa.

Wanda ya riga ya ɗiga na mutumin nan, ya wanke kyanwar yanzu da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, ya goge ta, ya nufi likitan dabbobi ko da bai ga alama ba tukuna. Kada a ɗura mata manja ko madara tana jijjiga, za ta shaƙe. Ku adana kwalbar da saƙon MoMo da hoton tallar, ku kai ƙara ofishin FDA na nan Kumasi. Ku kuma tura wannan saƙon zuwa zaurukan unguwa, don har yau yana ci gaba da talla.