Makullin tsaro na haɗin gida: wane allo ya kamata ka saya?

Lambar shiga asusu da ake turo maka ta SMS tana da ƙofa biyu a buɗe: ɓarawo na iya karɓe layinka, ko ya ja ka shafin bogi ka rubuta masa ita da hannunka. Makullin FIDO2, wato ƙaramar na'urar da ake sokawa a kwamfuta don shiga asusu, ya toshe duka biyun, domin mabuɗin sirrin yana zaune a cikinsa, kuma sa hannun da yake yi ɗaure yake da adireshin shafin gaskiya. Idan za ka haɗa naka, allon lantarkin da ka zaɓa shi ne rabin aikin.

Zaɓina Raspberry Pi Pico 2 ne, da manhajar pico-fido mai mayar da shi makulli. Allon ya fito a Agustan 2024 kan dala 5, yana ɗauke da cif ɗin RP2350 da ma'adana mai megabayit 4. Ba ka bukatar ƙarfen soda. Danne maɓallin BOOTSEL, ka soka allon a kwamfuta kana riƙe da shi, zai bayyana kamar filashi. Jefa masa fayil ɗin .uf2 na pico-fido da ya dace da allonka, zai sake tashi a matsayin makulli. Daga nan ka sa masa PIN, ka gwada rajista a shafin gwaji na webauthn.io kafin ka kai shi Gmail ko Facebook. Wannan maɓallin na BOOTSEL shi ne kuma za ka riƙa dannawa don tabbatar da cewa kai ne a gaban na'urar, saboda haka kada kwanson da za ka sa masa ya rufe shi.

Me ya sa ba tsohon Pico mai RP2040 ba, alhali ya fi araha da dala ɗaya? Domin ba shi da hanyar kulle kansa. Ma'adanarsa a waje take, duk wanda ya tsinci allon zai iya kwafe abin da ke ciki cikin mintuna. RP2350 kuwa yana da ma'adanar da ake rubuta wa sau ɗaya tak, inda ake ɓoye babban mabuɗi, kuma ana iya hana shi tashi da kowace manhaja sai mai sa hannu. A kula: wannan kullewar ba ta komawa baya. Ka gama duk gwaji tukuna, kuskure a nan asarar allo ce. Gaskiya ne masu bincike sun taɓa fasa kariyarsa a gasar da kamfanin Raspberry Pi ya shirya da kansa, amma sai da allon a hannu da kayan aiki na musamman.

Manhajar OpenSK ta Google, wadda ta fito a 2020, tana hawa kan cif ɗin nRF52840 na kamfanin Nordic, aiki ne mai kyau, sai dai dole ka harhaɗa manhajar, wadda aka rubuta da yaren Rust, da kanka, wahalar ta fi ribar. Makullin U2F Zero tsohon yayi ne, bai san FIDO2 ba. Shi kuwa shuɗin allon nan mai cif ɗin STM32F103, rabu da shi.

Dalilin rabuwa da shi ya kai mu ga jabu. Kasuwa ta cika da allunan da aka buga musu sunan STM32 alhali cif ɗin ciki kwaikwayo ne, kuma ko na asalin ba shi da na'urar samar da lambobin da ba a iya hasashensu a jikinsa. Mabuɗin da aka ƙera da lambobin da za a iya hasashensu ba mabuɗi ba ne. Haka nan ƙananan allunan da ake tallatawa da sunan Pico a shagunan intanet: wani a hoto RP2350 ne, in ya iso ka duba rubutun kan cif da tabarau ka ga RP2040. Gwaji mai sauƙi: a yanayin BOOTSEL, tsohon yana bayyana da suna RPI-RP2, sabon kuma RP2350. Mafi haɗari shi ne mai cewa zai sayar maka da makulli an riga an zuba masa manhaja. Ba ka san abin da ya zuba ba, ba ka san ko ya riƙe kwafin mabuɗin ba. Sayi allo wayam, ka sauko da manhajar daga ainihin ma'ajiyarta a GitHub, ba daga wanda aka tura a guruf ɗin WhatsApp ba. Har kebul ma ana cuta: Pico 2 na amfani da micro-USB, kuma igiyoyin caji da yawa ba su da wayoyin ɗaukar bayanai, fitila ma za ta iya kamawa amma kwamfuta ba za ta gan shi ba.

Sayi guda biyu, ka yi rajistar kowanne a kowane asusu, ɗaya ya zauna a akwati. Kuskuren PIN sau 8 yana toshe makullin, kuma sake saita shi yana goge duk rajistar da ke ciki. Wasu ma'aikatu ba sa karɓar makullin da ba shi da shaidar masana'anta, don haka asusun ofis ka tambayi mai kula da shi kafin ka kashe kuɗinka.