Gwajin PSA: na lab ko 'yar na'urar hannu?

PSA wani sinadari ne da furostet (wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar maza) ke fitarwa, ana auna shi a jini don neman alamar kansarta. Na lab dai mun san shi, ka taso tun daga Rigasa zuwa cikin gari, a ɗebi jini a jijiya, a ce dawo gobe. Amma sakamakonsa likitoci sun yarda da shi.

Ita kuwa sabuwar, kamar mitar gwajin suga take, ɗigon jini kan ɗan tsinke mai sinadarin da ke cafke PSA, yana kamawa ƙarfin lantarkin ya canza, na'ura ta karanta cikin mintuna. Sai dai yawancinsu har yanzu ana kan bincike a kansu, ni kam Baba lab zan kai.

Kuma fa ko wanne ya nuna sama da 4 ba lallai kansar furostet ba ce, kumburi ma na ɗaga shi, sai an ciri ɗan naman furostet ɗin an duba kafin a tabbatar.