Gargaɗi ga masu neman gidan haya a Maradi: yadda wani dillali ya cinye mini jika 465

Ranar da babbar motar kayanmu ta tsaya a ƙofar gidan, bayan ta kwana a hanya tun daga Yamai, wata mata ce ta leƙo daga ciki da tsintsiya a hannunta, ta tambaye mu wa muke nema. Na ce mata gidanmu ne, na biya hayarsa ta wata shida, har na ciro makulli daga aljihu na nuna mata. Ta dubi makullin, ta dubi gadaje da katifun da ke ɗaure a saman mota, sannan ta ce: "Malam, mu yau kwananmu goma sha ɗaya a gidan nan, kuma daga hannun mai shi muka karɓa." Ƴaƴana uku suna tsaye a bayana da jakunkunansu, uwarsu ba ta ce uffan ba, direba kuma yana tambayata inda za a sauke kaya domin yana da lodin da zai ɗauka zuwa Damagaram. Jika 465 ke nan, wato sefa 465,000, waɗanda na tara cikin shekara biyu, suka tafi a hannun mutumin da na yi sallar la'asar kafaɗa da kafaɗa da shi.

Ina rubuta wannan ne cikin ɓacin rai da kunya, kuma na san akwai masu cewa ganganci na yi, domin an riga an faɗa mini hakan a fuskata. Ban yi ganganci ba. Da takardar canjin wurin aiki ta fito mini a watan Yuli, abin da ya fara zuwa raina shi ne karatun yara, saboda babbar ɗiyata za ta zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare bana, na biyun yana CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ƙaramin kuma yanzu zai fara. Na zauna da takarda da alƙalami na rubuta abin da nake so: gidan da yara za su taka da ƙafa zuwa makaranta ba tare da sun tsallaka babbar kwalta ba, wanda ni ma ba zan ƙarar da albashina a kabu-kabu da adaidaita ba kafin in kai wurin aiki a tsakiyar gari, kuma wanda yake kan tudu. Maganar tudun nan ba tsoro ne na banza ba. Duk wanda ya san Maradi ya san ruwan Gulbi ne ya ci tsohon gari a 1945 har aka tayar da mutane zuwa kan tudu, kuma kowa ya ga abin da daminar 2024 ta yi, lokacin da gidaje suka rushe, aka rasa rayuka, har gwamnati ta ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba. Na tambayi abokan aiki da suka taɓa zama a garin, suka ce mini tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Ƴan Daka da Limanci suna kusa da komai, amma gidajen a matse suke kuma da wuya baƙo ya samu gida shi kaɗai, suka ba ni shawarar in duba wajen Zariya ko Ali Ɗan Tsoho. Mutumin da ya yi duk wannan bincike ba za a ce ya rufe ido ya jefa kuɗinsa a rijiya ba.

A Facebook na ga tallar dillalin, da hotunan gidaje da kuɗin hayar kowanne, muka koma WhatsApp. Ban aika masa ko dala ba a lokacin. Na ce gani ya kori ji, na ɗauki izinin kwana biyu, na hau bas na yi tafiyar fiye da kilomita 600, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa da Gidan Rumji, domin in ga gidan da idona. Wannan tafiya ce nake ta nanatawa ga masu zargina, kuma ita ce take ƙona mini rai fiye da komai, saboda na yi abin da ake cewa a yi, amma duk da haka aka cuce ni.

Shi ya zo ya tarbe ni a tasha da babur ɗinsa. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da tufafi masu tsabta, da magana a hankali, yana kirana Yallaɓai ina hana shi yana ƙarawa. Gida na farko da ya kai ni ya yi mini, kuma ya fi araha, har na fara tambayar yadda za a biya. Sai ya ja ni gefe, ya nuna mini wani layi a jikin katanga, kamar kamu biyu daga ƙasa, ya ce: "Yallaɓai, dubi nan, iyakar inda ruwa ya tsaya ke nan bara. Ni ba zan sa ka da ƙananan yara a gidan nan ba don in ci la'ada, ina da ƴaƴa ni ma." Wallahi wannan magana ce ta kashe ni. Na duba, alamar ruwa ce ta gaske, maƙwabcin gidan ma ya tabbatar mini. Na ce a raina, dillalin da zai hana ka kama gidan da ke hannunsa saboda tsoron Allah, wannan ai ya wuce a yi masa zato. Har yau idan na kwanta, yatsansa nake gani a jikin katangar nan, da yadda ya girgiza kai yana cewa yana da ƴaƴa shi ma.

Daga nan ya kai ni gida na biyu a Zariya, mai ɗaki uku da falo, da famfo a tsakar gida, da bishiyar dogon yaro a ƙofa, ana cikin yi masa fenti. Da makulli ya buɗe ƙofar, daga aljihunsa ya ciro shi, kuma mai fentin da muka tarar daga baya ya gaishe shi gaisuwar sani. Ya ce mu ajiye babur mu taka zuwa makaranta da ƙafa domin in auna da kaina, muka taka, na duba agogo, minti tara zuwa makarantar firamare, minti goma sha huɗu zuwa wata sakandare mai zaman kanta da ya ce tana fitar da yara sosai a jarrabawa. Sannan ya ɗauke ni a babur har ƙofar wurin aikina, bai kai minti goma ba. Duk abin da na rubuta a takardata a Yamai, sai ga shi a gabana. La'asar ta same mu a unguwar, muka shiga masallaci, muka yi salla a sahu ɗaya, da muka fito na ba shi jika biyu na mai, ya ƙi karɓa, ya ce baƙo ba ya sayen mai a garinsu. Mutumin da ya ƙi karɓar jika biyu shi ne ya tafi da jika 465.

Hayar jika 45 ce a wata. A ranar na ba shi jika 135 hannu da hannu, wato kuɗin ajiya na wata biyu jika 90 da la'adarsa jika 45, ya rubuta mini takardar shaidar karɓa ya sa hannu, har da wani hatimi mai shuɗin tawada. Na nemi ganin mai gidan, kada wani ya ce ban nema ba. Ya ce Alhaji ɗan kasuwa ne, yana Kano wajen sayen kaya, ya buga waya a gabana ya miƙo mini, wata murya ta dattijo ta amsa, ta ce: "Ɗana, duk abin da yaron nan ya gaya maka, ni na gaya maka, shekara takwas yana riƙe mini gidaje." Na gaishe shi da ladabi, har na yi masa addu'ar dawowa lafiya. Yanzu na san mai gidan ba Alhaji ba ne sam, wata Hajiya ce gwauruwa wadda ba ta taɓa jin sunan mutumin nan ba, kuma makullin daga hannun mai fenti ya are shi da sunan zai nuna wa wani gida, ya je ya yanko irinsa guda uku a kasuwa.

Na tsallake wani abu da ya kamata in faɗa tun farko. Kafin in taso daga Yamai ranar farko, uwargida ta ce in nemi wani ɗan uwan babanta da ke zaune a Sabon Gari ya raka ni. Ban neme shi ba, saboda kwana ɗaya kawai gare ni a garin, kuma na san idan na je gidansa sai an yi gaishe-gaishe da cin abinci yini ya ƙare. Wannan kuskurena ne, na amsa shi, kuma shi kaɗai na amsa. A gidan wannan dattijo muka sauke kayanmu a daren da abin ya faru, rabi a zaure rabi a tsakar gida an lulluɓe da tamfol, shi kuma bai ce mini komai ba sai "Sannu, ɗana, Allah ya mayar da alheri", wanda ya fi mini zafi da a ce faɗa ya yi mini.

Sauran kuɗin daga Yamai na aika. Kwana biyar bayan na koma ya kira ni ya ce wani malamin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya ga gidan, ya ce zai biya shekara guda nan take, Alhaji kuma ya fara karkata, don haka idan ina so in riƙe sai in cika wata shida. Na aika jika 270 ta wurin masu aika kuɗi, takardar tana hannuna, da sunan da ya karɓa da rana da sa'a. Ya aiko mini makulli ta hannun direban bas, a cikin ambulan, da sunana a rubuce. Bayan mako biyu ya sake kira, wannan karon kan makaranta, ya ce ajin su ɗiyata ya kusa cika a sakandaren nan, amma ya san darakta, idan na aiko jika 60 za a rubuta sunanta a riƙe mata wuri. Na aika. Jika 135, jika 270, jika 60. Na je makarantar da kaina bayan abin ya faru, daraktan ya karɓe ni da mutunci, ya buɗe rajista a gabana, babu sunanta, kuma ya ce su ba su karɓar kuɗin kowa sai a ofishinsu, uba ko uwa su zo da takardun yaro daga tsohuwar makarantarsa. Wannan jika 60 ta fi sauran ci mini rai, domin da karatun ɗiyata ya yi mini tarko, bayan ni da bakina na gaya masa irin ƙoƙarinta da yadda nake tsoron canjin gari ya mayar da ita baya.

Wayarsa tana shiga har daren da muka taso. Na kira shi muna Ƙonni, ya ce yana jiranmu, har ya sa an share gida an yayyafa ruwa. Da muka wuce Tibiri na sake kira, a kashe. Na ce ko caji ne ya ƙare. A ƙofar gidan na kira fiye da sau ashirin, matar nan tana tsaye tana kallona da tausayi, har mijinta ya fito ya kai ni wurin mai unguwa. A can na ji cewa ni ne na uku, akwai wani ma'aikacin lafiya daga Tawa da wata mata daga Agadas da suka zo da irin makullina da irin takardata mai shuɗin hatimi, kowannensu an nuna masa katangar nan mai alamar ruwa kafin a kawo shi gidan. Ashe maganar da na ɗauka ta tsoron Allah ce, haddace ta ya yi, yana karanta wa kowa.

Na kai ƙara ofishin ƴan sanda, na ba da lambobinsa biyu da takardun aika kuɗi, mu ukun kuma mun haɗa bayananmu wuri ɗaya. Ba zan rubuta sunan da ya ba ni a nan ba, domin maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ma kowannenmu daban aka gaya masa. Yanzu ɗaki biyu muka samu a can bakin gari, inda kwalta ba ta kai ba, ina biyan jika ɗaya da rabi kullum na kabu-kabun yara, ni kuma ina fita tun da duhu, ɗiyata ta rasa makon farko na karatu kafin a daidaita takardunta. Duk lissafin da na yi na minti tara da minti goma sha huɗu ya zama banza, ga bashin jika 100 da na ci wurin abokin aiki domin in biya wannan hayar.

Wanda zai kama gida a Maradi daga nesa, kada ya ba dillali ko dala sai ya zauna da mai gida ido da ido a gaban mai unguwa, ya dubi sunan da ke kan takardar biyan wuta da ruwa, ya tambayi maƙwabta biyu gidan na wane ne. Makulli ba shaida ba ne, murya a waya ba shaida ba ce. Kuɗin makaranta kuma a ofishin makaranta ake biyansa.

Hotunan hirarmu ta WhatsApp, da takardar jika 135 mai hatimi, da takardun jika 270 da jika 60, duk suna nan, zan fitar da su da zarar mai binciken ya ba ni izini kuma na rufe lambobin da ke jiki. Akwai kuma saƙon murya na daƙiƙa arba'in da ya aiko mini daren da na koma Yamai, inda yake tambayar ko na isa lafiya, yana cewa in gaishe masa da yara.